Ka Dawo Mini da Kwanon Saratu

Bolari, Gombe.

Zuwa ga

yayan Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda ka kai sa'ad da yunwa ta sa ka buɗe jakar guzuri. A ganina ba za ka daure har Makurɗi ba, tun kafin Jos za ka kwance ƙullin. Allah ya ba direbanku natsuwa, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe, ya sauke ka a hannun mutanen kirki can Gabas inda aka tura ka hidimar ƙasa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, don babu wanda ba ka sani ba. Yanzu haka da nake rubutu kana tsakar gida kana fama da akwatinka, Asabe ta hau kan murfin ta zauna don ya rufu. Magana guda ce da ni, amma ka san halinmu malaman makaranta, ba ma isa kan magana sai mun zaga ta misalai. Ka yi haƙuri ka biyo ni.

Kwanakin baya da la'asar ina kicin ina tankaɗe, ku kuna gindin dogon yaron nan na tsakar gida. Asabe ta tsare ka sai ka gaya mata abin da ka je karantawa a jami'a, don ita dai ta san likita, ta san lauya, amma ilimin zamantakewa ba ta san me ake yi da shi ba. Sai ka dunƙule hannu ka ɗaga sama, ka tambaye ta me ka yi. Ta ce jinjina ka yi, irin wadda ake yi wa manya. Ka ce mata akwai ƙasar da idan ka yi wa mutum haka zai ɗauka faɗa kake nema. Hannun ɗaya ne, yatsun ɗaya ne, amma a nan girmamawa, a can tsokana. Ka ce mutane ba abin da aka yi suke mayar wa martani ba, ma'anar da abin yake da ita a wurinsu suke mayar wa. Ita kuma ma'anar ba daga sama take faɗowa ba, a tsakanin mutane ake ƙulla ta, kuma ana iya kwance ta a sake wani ƙullin.

Asabe ta ce, "Wato Yaya, duk shekarun nan gaisuwa ka je koyo? Ai da ka zauna wurin Goggo ta koya maka kyauta."

Na yi dariya a kicin, amma na dakata da tankaɗen don kada wata kalma ta wuce ni. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Kashegari da ka tafi Dawaki yi wa Goggo sallama, na ɗauki littafinka mai koren bango na zauna da shi. Turancinsa ya yi mini tauri a wurare da dama, amma inda na gane sai na riƙa jin kamar marubucin ya taɓa zama a layinmu. Da a zamaninmu ana koyar da wannan, da shi zan karanta.

To amma ba nan hirarku ta tsaya ba. Asabe ta tambaye ka yaushe za ka dawo, ka ce idan ka gama a Legas za ka nemi aiki, tunda yanzu kuɗin mai duk can ya taru, kuma ba ka ga abin da zai riƙa dawo da kai ba. Ta ce, mu fa? Kana dariya ka ce ita aure za ta yi, babanku yana da audugarsa. Sannan ka ce, "Malama kuwa tana da 'ya'ya cike da aji. Ni ko a rajista tsallake ni take yi."

Da dariya ka faɗa, na ji. Na ci gaba da tankaɗe, har na tankaɗe garin da na riga na tankaɗe. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba na son ka tsallake Binuwai da wannan karatun a kanka.

Bari in fara da ƙaramin kuskurena, wanda har yau tsofaffin ɗalibaina suke tsokanata da shi. Ka tuna lokacin da aka ce ƙasa duka za a bar tuƙi a hannun hagu a koma dama? Kana makaranta a lokacin. Mu aka ɗora wa aikin wayar da kan yara. Na zana titi da alli a filin makaranta, na sa wasu su zama loroli, wasu kekuna, wasu masu tafiya a ƙasa. Har waƙa na shirya musu ta ɓangaren da za su fara dubawa kafin su tsallaka. Babu wanda ya kai ni ɗoki. To da aka soma sabon tsarin, na fito da safe da littattafai a hannu, na isa titin tasha, na waiga ɓangaren da na saba waigawa tun ina yarinya, na ga babu kowa, na sa ƙafa. Sai ji na yi mai burodi ya kwashe ni da kekensa. Ni a ƙasa, shi a ƙasa, burodi ko'ina. Kuma a gaban wa? 'Yan ajina guda uku. Suka taimaka mini na tashi, suka tsince littattafai, amma ina shiga aji na ji ana rera waƙata ƙasa-ƙasa daga bencin baya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, hagu ba ta fi dama ba, dama ba ta fi hagu ba. Abin da yake hana mu mutuwa a titi kawai shi ne mun yarda gaba ɗaya. Kuma kaina ya san sabuwar yarjejeniyar sarai, wuyana ne bai sani ba. Kai ma haka za ta same ka a can. Jikinka zai riƙa yin abin gida kafin kanka ya tuna ba a gida kake ba. Za ka durƙusa inda ake miƙa hannu, za ka sunkuyar da kai inda ake son a dubi ido, za ka ce ka ƙoshi alhali kana jin yunwa, kana jiran a matsa maka, su kuwa su ɗauke kwanon su tafi. Idan hakan ta faru kada ka yi fushi, kada kuma ka ce mutanen ba su da tarbiyya. Ka kaɗe ƙurar jikinka, ka taya su dariya, ka tambayi ta ina ake dubawa a garinsu.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, kuma kai ma ka ci daga cikin abin da ya jawo shi.

Ka san Saratu, Maman Dauda, ba sai na kwatanta maka ita ba. Amma ba ka san yadda muka fara ba. Sun zo Bolari ne daga Kaltungo lokacin da jirgin ƙasa ya iso Gombe mijinta ya sami aikin reluwe. Katanga ce kawai tsakaninmu, gajeriya, idan na yi ɗage ina ganin murhunta. Tun makon farko ku biyu kuka ƙulla, kai da Dauda, mu ma muka bi sahunku. Da Kirsimetinsu ta farko ta zo, ta aiko mana da shinkafa da miyar kaza a wani kwano mai jan fure, bakin murfinsa ya ɗan ɓantare. Daga baya na ji cewa da kanta ta ɗauki kazar ta kai wa mahauci Musulmi ya yanka, don kawai mu iya ci. Muka ci kuwa. Kai har yatsa ka sa kana suɗe gefen kwanon, babanku ya tauna ƙashi.

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa kayan aro ana mayar da shi ya fi yadda ya zo tsabta. Ni kuma a lokacin duk abin da aka koya mini a kwaleji ji nake kamar ba a taɓa faɗar gaskiya kafinsa ba. Na ɗauko toka da sabulu da soso, na dirje kwanon nan ciki da waje. Na ɗauraye, na sake dirzawa, na kwara masa ruwan zafi, na kife shi a kan katanga ya sha rana. Ina yi ina jin daɗi, ina cewa yau matar nan za ta san ta yi maƙwabciya mai mutunta ta. Da yamma na aika mata da shi yana ƙyalli, babu ko ƙwayar gero a ciki.

Daga ranar gaisuwar Saratu ta gajarce. Da, idan na ce ina kwana sai mun tambayi yara da gajiya da ciwon bayan mijinta. Yanzu sai ta ce lafiya, ta shige ɗaki. Dauda ya rage shigowa. Na yi ta juya abin a raina, na zargi 'yan gulma, na zargi mutanen cocinsu, na zargi kowa ban da kwano. Na daɗe a haka, kuma wannan daɗewar ita ce babban kuskuren, ba wankin ba. A ƙarshe son sanin dalili ya fi ƙarfin jan ajina. Na tare ta a bakin famfo muna jiran layi, na ce don Allah ta gaya mini abin da na yi mata.

Ta ajiye bokitinta ta dube ni. Ta ce, "Malama, ina tsaye ina kallonki ta katanga. Toka, sabulu, ruwan zafi, rana. Ko kare ne ya ci a kwanon nan, ai iyakar wankin da za ki yi masa ke nan. Da kin ce ba kwa cin abincinmu, da ban wahalar da kazata ba."

Na rantse mata mun cinye tas, na ce ta tambayi abokin Dauda wa ya suɗe miyar. Na gaya mata abin da aka koya mana a kwaleji. Ta dube ni, sai kuma ta tuntsure da dariya har matan famfo suka juyo. Ta ce a gidansu kwano ba ya komawa fayau. Ana barin ɗan maiƙo a jikinsa don a ga an ci, a jefa ɗan gishiri ko gyaɗa a ciki don a ga an gode. Abin haushin shi ne a gidanmu ma haka ake yi. Na sha ganin mahaifiyata tana zuba 'yar daddawa a kwanon maƙwabta. Ni ce na ajiye na gida na ɗauko na makaranta, ban tsaya na tambayi kaina wanne Saratu take karantawa ba.

A bakin famfon nan muka yanke namu hukuncin, ni da ita. Kwanon nan mai jan fure ba za a sake wanke shi a gidan da aka kai shi ba, kuma ba zai koma babu komai ba. Ya yi ta tsallake katanga shekara da shekaru, da Sallah da Kirsimeti da ranakun da babu dalili, har muka manta na waye. Ranar da aka mayar da mijinta Kafanchan, kaya duk an ɗaure, sai ta miƙo mini shi ta kan katanga da ɗan wake da zafinsa. Na ce yaya zan yi in mayar? Ta ce, "Wannan kuma matsalarki ce. Kwanona yana hannunki, kin san hanyar tashar jirgi." Na kai mata kuwa, da hutun ƙarshen shekara. Da zan taho ta cika shi da acca ta sake danƙa mini. Ka ga yadda mata biyu, ba sarki ba alƙali, suka mayar da kwanon kasuwa ya zama alkawari.

Abin da nake so ka riƙe daga nan shi ne, kyakkyawar niyya a ciki take zama, mutane kuwa hannunka suke gani. Kada ka ce tunda zuciyarka fara ce dole a gane. Idan ka ga fuskar da ta saba sakar maka ta ɗaure, kada ka kwana kana ƙirƙiro dalili kamar yadda na yi. Ka je ka tambaya tun abin yana ɗanye. Tambayar da ta fi yi mini amfani a rayuwa gajeriya ce: wannan me yake nufi a wurinku?

Yanzu na iso inda nake ta zagayawa.

Ni ma 'yar fari ce, kamar yadda kake ɗan farina, ka sani. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana son a kira ni sai ta ce a kira waccan. Idan baƙi suka yabe ni sai ta kawar da kai ta shiga wata magana. Amma ko sau ɗaya ban taɓa zaton ba ta sona ba, domin duk unguwarmu ta Katsinawa kowa ya san karatun wannan shirun. Yara ma sun sani. Na san dalilin da ya sa tsokar da ta fi kyau take ɓuya a ƙarƙashin tuwona, kuma ƙanwata ake ba ta kawo mini. Ranar da zan tafi kwaleji, dangi duk sun fito rakiya har bakin mota, ita ko zaure ba ta leƙo ba. Sai ta jawo turmi ta hau daka, alhali da gari a gidan. Ina tafe a lungu ina jin sautin taɓaryar nan har na sha kwana. Wata tsohuwa da ke rakiyar ta ce, ku ji baiwar Allah, kuka take yi da taɓarya. Kowa ya gyaɗa kai. Babu wanda ya buƙaci a fassara masa.

Na sha tambayar tsofaffi dalilin wannan kunya, don ka san ba na iya barin abu ban tona ba. Wata ta ce don ɗan fari shi ne shaidar farko cewa yarinya ta zama matar wani, shi ya sa take jin nauyin iyayenta a kansa. Goggonka ta ce don kada uwa ta mallake shi ita kaɗai, a bar wa dangi su ma su samu, shi ya sa ma ana yaye ka ta ɗauke ka zuwa Dawaki sai da ka isa shiga makaranta. Wata kuma ta ce abin da aka fi so ba a nuna shi da yatsa, saboda ido. Ban san wacce ce ta fi gaskiya ba. Watakila littattafanka sun sani, ina so in ji. Ni dai na tashi na tarar ana yi, ya shiga jikina kamar waigen titi.

Da ka dawo hannuna, shekarar da ka shiga aji uku aka ba ni ajinku. Na roƙi hedimasta ya canza ni, ya ce babu wani malami. Shi ya rubuta sunayen a rajista da hannunsa, ni aikina in kira kowace safiya. Ka ce tsallake ka nake yi. Gaskiya ne ba ka taɓa jin na kira ba, kuma na san yara sun yi maka dariya a kai. Amma bari in gaya maka yadda abin yake daga inda nake zaune. Kaina a sunkuye yake tun daga sunan farko. In kira, in ji na'am, in yi maki, ban san ma wa ya amsa ba. Sau da yawa wani yana amsa wa abokinsa da ya makara, ina ji ina ƙyalewa. Idan na iso kan layinka sai in tsaya. In ɗaga kai, in neme ka a benci na biyu wajen taga, in ga ko ka shafa mai, ko murar jiya ta sake ka, ko maɓallin rigarka yana nan. Sannan in yi maki in wuce. Duk ajin da kunne nake tabbatar da zuwansu. Kai kaɗai ne da ido.

Ni a wurina wannan tsayawar ta fi kira ƙarfi. Ban taɓa kawowa a raina cewa daga benci na biyu abin da ake ji kawai shi ne an yi shiru an wuce ba.

An so a nuna mini, ban gani ba. Ka tuna ranar ziyara a makarantar kwana, shekararku ta farko kai da Dauda? Ni da Saratu muka hau bayan lori ɗaya. Tun daga bakin ƙofa ta hango ɗanta ta kwaɗa masa kira, ta rungume shi, ta juya shi gaba da baya tana cewa sun ramar mata da yaro. Kai kana tsaye a gefensa ka saka hannu a baya. Na miƙa wa Dauda ƙullin da na kwana biyu ina haɗa maka, na ce ya ba abokinsa. Na tambayi Dauda ko abokinsa yana cin abinci, ko sauro yana damunsa. Kana nan tsaye, tsakanina da kai bai fi taku biyu ba. A hanyar dawowa Saratu ta ce, "Ke Malama, yaron nan haifarsa kika yi ko a kasuwar Kumo kika sayo shi?" Na yi dariya na ce ba za ta gane ba, abin namu ne. Ta ce ita ba sai ta gane ba, shi yaron ya gane? Na ce ai ɗan gida ne, dole ya gane.

A nan na yi kuskure, irin na kwanon nan sak. Ni na tashi a unguwar da kowa yake karanta shirun uwa. Kai kuwa da hannuna na ɗauke ka na kai ka inda ake karanta wani abu daban. Ka girma a Bolari tsakanin Tangale da Tera da Waja da Yarbawan gareji, ka yi kwana a makaranta da yaran da uwayensu suke kiran sunansu daga nesa, ka karanta littattafan da uwa take sumbatar ɗanta a goshi. Na koya maka baƙi da wasali, na koya maka jadawalin sau, ban taɓa zama na koya maka karatun shiruna ba, kuma ban sa wani ya koya maka ba. Na ɗauka a jini ake gadonsa. Littafinka mai koren bango ya fi ni gaskiya: alamar da mutum ɗaya kaɗai ya san ma'anarta ba ta gama zama alama ba.

Ba cewa nake al'adar ba ta da kyau ba. Ni ta rene ni, kuma ban ji na rasa komai ba. Ba kuma cewa nake irin ta Saratu ta fi ba. Hagu da dama ne. Amma mu biyu mun daɗe a kan titi ɗaya, kowa yana bin hannunsa, kuma ni ce babba, ni ya kamata in lura. Idan Allah ya ba ka naka, ka ga wacce za ku bi kai da matarka, amma kowacce kuka ɗauka ku tabbata yaron ya iya karanta ta.

Maganar Legas, idan aiki mai kyau ya samu ka karɓa. Ban rubuto don in ɗaure maka ƙafa ba, ni da na bar gidanmu na tafi kwaleji lokacin da ake ganin abin kamar hauka. Ka je ka ga duniya, ka buɗe ido da kunne. Ka riƙe sallarka, ka ci abin da ya halatta, abin da ba za ka ci ba ka faɗa da bakinka cikin ladabi, kada ka bar mutane su yi ta karanta fuskarka. Kuma ka rubuto mini, don tambayoyina suna da yawa. Yaya suke gaida tsoho a can? Idan an yi baƙo me ake fara miƙa masa, kuma wa yake fara taɓawa? Mace tana kiran sunan ɗanta na fari? Idan maƙwabci ya aiko da abinci, yaya kwanon yake komawa? Ka zauna da tsofaffin matansu, sun fi kowa sani, kuma suna son a tambaye su. Duk abin da ka gano ka rubuto dalla-dalla, zan karanta wa 'yan ajina. Abin da ban yarda da shi ba guda ne: ka zauna a wani gari a kan cewa babu wanda zai lura ba ka nan.

Lokacin da kake karanta wannan, safiyar tafiyarka ta riga ta wuce. Babanku da Asabe da Goggo ne suka raka ka tasha, ni ban fito ba. Ka tuna ko da kake fita da akwati ka ji ana daka a cikin gida, alhali ga injin niƙa a bakin layi kuma jiya aka kai masa hatsi. Idan ka ji, to yanzu ka iya karatunsa.

Dambun naman da ke gabanka kuma, dubi abin da aka zuba shi a ciki. Jan fure, bakin murfi a ɓantare. Aro na ba ka. Ka san dokarsa yanzu: ba a aiko shi ta hannun direba, ba a saka shi a gidan waya, wanda aka ba shi yake dawo da shi da ƙafarsa, kuma ba ya dawowa fayau. Ko ɗan manja ne ka zubo, ina son in ɗanɗana nasu na asali. Idan ka ɓatar da shi ba ni za ka yi wa bayani ba, Maman Dauda ce, kuma ka san bakinta.

Watakila ka lura da gurbin da na bari a saman takardar nan. Da na rubuta "zuwa ga", na yi niyya sosai, har na ɗora bakin alƙalami. Hannun ya ƙi. Sai na ɗaga kai na duba ta taga. Kana tsugune kana ɗaure akwati da igiya, maɓallin wuyan rigarka ya kusa tsinkewa, zan ba Asabe ta ɗinke kafin dare. Na ga kana nan. Sannan na sauko layi na gaba.

Allah ya kai ka lafiya, ya zaunar da kai lafiya, ya haɗa ka da maƙwabta irin Saratu. Ya tsare ka daga ciwo da mugun abokin tafiya, ya sa ka gane mutane su ma su gane ka. Ya yi maka albarka a duk inda ka sa ƙafa, ya juyo mana da kai cikin aminci. Babanku yana sa maka albarka, Asabe ta ce a gaya maka rediyonka ya zama nata.

Ni ce,
wadda kake kira Malama.

Kada ka wanke kwanon.